Yadda A Ke Sanyaya Injin Ƙaramin Jirgin Sama

Idan injin mota ya yi zafi a hanya, abin da sauƙi. Direba ya ratse gefe ya tsaya, yaron mota ya ɗauki galan ya nufi rafi, fasinjoji su sauka su nemi inuwa. In an jima a zuba ruwa a lagireto, a ci gaba da tafiya. Amma matuƙin jirgin sama ba shi da gefen hanya. In injinsa ya yi zafi har ya buga, sauka ta zama tilas, ko akwai fili a ƙarƙashinsa ko babu. Ga kuma abin mamaki, yawancin ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum biyu ko huɗu ba su da ko ɗigon ruwa a injinsu. Iska ce ke sanyaya su, ita da baƙin mai. To, yaya a ke yi?

Bari mu ɗauki inji guda mu bi shi, domin kada magana ta watse. Akwai wani da kamfanin Lycoming na Amurka ya ke ƙerawa, sunansa O-360. Silinda huɗu gare shi, biyu dama biyu hagu, a kwance su ke suna ba juna baya. Ƙarfinsa na doki 180 ne, ya kan kuma juya farfela sau 2,700 a minti guda. Mai son lissafi ya gwada, zai tarar wuta tana tashi cikin injin nan sau 90 a kowane sakan. Cikin dukan zafin da fetur ya ke bayarwa, abin da ya ke zama aikin juya farfela bai kai sulusi ba. Kusan rabi ya kan bi hayaƙi ya fice. Sauran kuwa ya kan shige cikin ƙarfen inji, shi ne fa wanda tilas a san yadda za a yi da shi. Gama kan silinda da alminiyam a ke yinsa, alminiyam kuwa yana rasa ƙarfi in ya sha zafi. Har wa yau, in kan silinda ya yi zafi ƙwarai, fetur ya kan fashe gaba ɗaya maimakon ya ci a hankali, fashewar nan kuwa tana iya huda fistin. Saboda haka masu injin suka ce kada zafin kan silinda ya wuce digiri 260 a ma'aunin Salsiyos ko da sau ɗaya, in kuwa ana so ya yi tsawon rai a riƙe shi wajen 200 ko ƙasa da haka.

Ba tun farko aka rabu da ruwa ba. Injin da 'yan'uwan nan Wright suka tashi da shi a 1903 da ruwa a ke sanyaya shi. Haka kuma jirage ukun nan na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, kowanne da lagiretonsa a hanci kamar babbar mota. Amma ruwa nauyi gare shi, ga lagireto, ga famfo, ga tiyo, kowanne kuwa yana iya yoyo. A 1927 Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atilantika shi kaɗai, daga Amurka zuwa Faris, ya yi awa 33 da rabi a sama da inji ɗaya tak mai sanyaya da iska. Daga nan masu shakka suka ragu. Abin da babu shi a jirgi ba ya lalacewa.

Kowa ya dubi injin babur ya ga sirara-siraran faifayen ƙarfe a jere kewaye da silinda, kamar haƙarƙari. Na jirgin sama ma haka su ke, sai dai sun fi yawa, sun fi zurfi. Dalilinsu kuwa kowace uwa ta san shi. In yaro yana kukan kunu, kunun kuwa da zafi, ba ta barinsa a ƙaramin kofi. Sai ta juye shi a faffaɗar ƙwarya ta yi ta fifita. Faɗin ƙwarya shi ne haƙarƙarin silinda, fifitar kuwa ita ce iskar da jirgi ke keta. In babu ɗayan biyun, kunu ba zai huce da wuri ba.

Mutum zai zaci a bar inji tsirara a cikin iska shi ya fi. Da haka a ke yi, amma ba shi ne daidai ba. Iska ta kan bugi gaban silinda ta watse, bayanta ya zauna da zafinsa, ga shi kuma injin tsirara yana jan jirgi baya. A 1928 wani injiniya mai suna Fred Weick, a hukumar binciken jiragen sama ta Amurka wadda daga baya ta zama NASA, ya gwada sa wa inji riga ta ƙarfe mai santsi, mai baki a gaba da mafita a baya. Jirgin da aka gwada a kai yana gudun mil 118 a awa, da aka sa masa rigar sai ya kai 137, ba a ƙara masa ƙarfin inji ko kaɗan ba.

A ƙaramin jirgi na yanzu ga yadda rigar nan ta ke aiki. Akwai kafofi biyu a hancin jirgi, dama da hagu, bayan farfela. Iska ta shiga nan ta taru a saman inji. An kewaye injin da shinge na alminiyam, an sa roba a bakin shingen tana manne da rigar, har cikin rigar ya rabu ɗaki biyu, na sama da na ƙasa. Iskar ɗakin sama a matse ta ke, kamar iskar cikin zugazugin maƙeri. Ɗakin ƙasa kuwa yana da ƙofa a buɗe wajen cikin jirgi, inda iskar waje ke wucewa. Saboda haka iskar sama ba ta da hanya sai ta kutsa tsakanin haƙarƙarin silinda ta sauka ƙasa, ta kwashi zafi ta fita da shi. Mai lambu zai gane wannan nan da nan. Ruwa ba ya bin kwamin da ka ke so don kana so, inda ya sami sauƙi nan ya ke bi. In akwai ɓaraka a kunya, can zai zurare, albasa ta bushe. Iska ma haka ta ke. Roba guda ta lanƙwashe baya, ko rami ya ragu inda waya ta ratsa shinge, sai iska ta sulale ta nan ba ta taɓa silinda ba.

Bambancin matsi tsakanin ɗakunan nan biyu ɗan kaɗan ne, har da tsawon ruwa a ke auna shi. Inci 5 ko 6 na ruwa, shi ke nan abin da ke tsakanin inji da ƙonewa. Gudun jirgi ne ke kawo shi. Jirgin da ke gudun mil 100 a awa, iyakar matsin da iska za ta ba shi wajen inci 5 ne. A mil 150 ya kai inci 11, a mil 80 kuwa da kyar ya wuce 3, domin in gudu ya ninka sau biyu matsi sau huɗu ya ke ninkawa. Daga nan za a gane abin da ya sa lokacin hawa ya fi kowane lokaci wuya. A sa'an nan ne inji ke aiki da iyakar ƙarfinsa, a sa'an nan ne kuma jirgi ya fi tafiya a hankali. Wuta ta yi yawa, fifita ta yi kaɗan. Matuƙin da ya ga allura tana hawa ya kan sunkuyar da hancin jirgi kaɗan don ya ƙara gudu, ya kuma bar fetur ya wadata a cikin iskar da inji ke shaƙa, gama fetur mai yawa yana rage zafin wutar.

Yanzu sai baƙin mai. Akwai wuraren da iska ba ta isa, kamar ƙarƙashin fistin, da boris, da sandar da ke juya farfela. Mai ne ke zuwa can. Mu kan ce aikinsa sa santsi, gaskiya ne, amma shi ma ɗan dako ne, ya ɗauko zafi daga tsakiyar inji ya fito da shi. Injin da mu ke magana a kai galan biyu na Amurka kaɗai ya ke ci, su ne famfo ke ta zagayawa da su. In mai ya yi zafi ainun sai ya tsinke kamar ruwa, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Jan layin da ke kan gejinsa yana kan digiri 118, watau 245 a ma'aunin Farenhait da a ke rubutawa a gejin jirgi. Inda a ke so ya zauna kuwa wajen 82 ne.

Kada mai karatu ya ce to, a sanyaya shi iyakar iyawa mana. A'a. Duk galan ɗin fetur da aka ƙone ya kan haifi kusan galan guda na ruwa, a matsayin tururi. Yawancinsa ya bi hayaƙi, amma kaɗan ya kan zurara cikin mai. In mai bai yi zafin da zai kore shi ba, ruwan ya zauna ya ci ƙarfe da tsatsa. Shi ya sa a ƙasashen sanyi a kan rufe wani sashi na lagireton mai da faranti lokacin hunturu. Mu nan wannan ba ita ce damuwarmu ba.

Lagireton mai ɗan akwati ne na alminiyam, bai fi girman littafi mai kauri ba. Mai yana bin sirara-siraran hanyoyi a cikinsa, iska tana ratsa tsakaninsu. Akwai kuma wani bawul mai jin zafi. Da safe, mai yana da sanyi da kauri, sai ya bar shi ya wuce ba tare da ya shiga lagireto ba. In zafi ya kai wajen digiri 85 sai ya toshe gajeriyar hanyar, dukan mai ya bi ta lagireto. Har nan babu gardama. Gardamar tana wajen inda za a ɗaura akwatin, domin iskar da ta shiga hancin jirgi ƙayyadadda ce, tuwo ne a akushi ɗaya. Duk lomar da lagireto ya ɗauka, daga rabon silinda ya ɗauke ta.

Tsohuwar motar nan Volkswagen mai kama da kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Ikko tun daga 1975, ita ma iska ke sanyaya ta, ta kuwa sha wannan matsala shekara da shekaru. An sa lagireton manta a cikin hanyar iskar fanka, iskar da ta ɗumama a jikinsa ita ce ke sauka kan silinda ta uku. Sai ta uku ta riƙa fin sauran zafi, bawul ɗinta ya riƙa ƙonewa. Sai a ƙirar 1971 aka fitar da lagireton gefe, aka yi masa ɗan ɗakinsa da mafitarsa dabam. Akwatin bai sāke aiki ba, mazauni kawai aka sāke masa.

A jiragen da kamfani ya ƙera ya sayar, kamar Cessna 172 wanda aka fara yi a 1956, masu ƙira sun riga sun yanke shawara, makaniki kuma ba shi da ikon matsar da lagireto sai da iznin hukuma. Inda tambayar ta ke da rai shi ne wajen jiragen da a ke sayen sassansu a harhaɗa da hannu. Mafi shahara cikinsu su ne RV na kamfanin Van's a jihar Oregon ta Amurka, fiye da 10,000 sun riga sun tashi. Mu ma muna da rabo a ciki, gama jirage 60 da aka harhaɗa a Kaduna a shekarun 1990 don koyar da matuƙan sojan sama, masu suna Air Beetle, bisa fasalin RV-6A aka yi su, injinsu kuwa O-360 ɗin nan ne.

Mai harhaɗa irin wannan jirgi yana iya ɗaura lagireton a gaba, dab da kafar iska. Nan zai sha iska mai sanyi wadda ba ta taɓa kome ba, waɗansu injunan Continental ma haka aka yi su. Amma wurin ƙunci gare shi, ga tiyon mai ya yi tsawo, silindar da ke bayansa kuma ta kan yi ƙorafi.

Mafi yawa su kan yanka taga a shingen baya, bayan silinda ta huɗu, watau ta baya a hagu, su ɗaura shi nan. Wurin yana da kyau, domin a can ƙuryar baya iska ta fi taruwa, kuma babu wani bututu tsakani, daga ɗakin sama sai cikin lagireto. Aibinsa biyu ne. Na farko, shingen nan a jikin inji ya ke, inji kuwa karkarwa ya ke yi muddin yana aiki. Ka rataya akwati cike da mai, da tiyo biyu masu kauri, a jikin fallen alminiyam, ka yi ta girgiza shi awa ɗari bisa ɗari, ai sai ya tsage. Tilas a ƙara masa ƙarfe a kusurwa, a kuma tokare shi. Na biyu, in an yanka tagar ƙasa-ƙasa, daidai haƙarƙarin silinda, to lagireto ya sha iskar da ta riga ta ɗumama, silinda ta huɗu kuma ta rasa nata rabo. Gara a ɗaga tagar sama gwargwadon yadda riga ta bari.

Waɗansu kuwa su kan kai shi can baya, su ɗaura a bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin matuƙi, sa'an nan su jawo masa iska da bututu daga shingen baya. Nan babu girgiza mai yawa, akwai kuma wurin sa babban lagireto. Amma bututu ɓarawon matsi ne. Irin wanda a ke amfani da shi yana da waya nannaɗe a ciki, cikinsa ba santsi, kowace kwana kuma da abin da ta ke ci. A nan lissafin da mu ke koya wa 'yan aji shida ya ke da amfani. Bututu mai faɗin inci 3, bakinsa murabba'in inci 7 ne da ɗan kai. Mai inci 4 kuwa ya kai 12 da rabi. Inci guda aka ƙara, hanya ta kusa ninkuwa. Sau da yawa mai jirgi ya kan sayi babban lagireto mai tsada, ya bar shi da siririn bututu, ya yi ta mamakin abin da ya sa allura ba ta sauka ba. Akwai kuma masu huda wa lagireton kafarsa dabam a gefen riga, don kada ya taɓa rabon silinda. Wannan yana yi, sai dai kowace kafa aka ƙara a jikin jirgi tana rage masa gudu.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayan lagireton. Ɗakin da taga ɗaya gare shi iska ba ta ratsa shi, ko da ana guguwa a waje. In ɗakin ƙasa ya cika da iskar da ta sulalo ta ɓarakar shinge, ko mafitarsa ta yi ƙanƙanta, to matsin bayan lagireto ya kusa daidai da na gabansa, iska ta tsaya cik. Don haka ne waɗansu jirage ke da 'yar ƙofa a ƙarƙashin riga, wadda matuƙi ke buɗewa lokacin hawa, ya rufe in ya daidaita a sama. A ganina, kafin mutum ya taɓa lagireto ko ya sāke masa wuri, ya fara sa fitila a ƙarƙashin inji cikin duhu, ya duba ta sama. Duk inda haske ya ɓullo ba ta tsakanin haƙarƙari ba, ya toshe. Aikin yini guda ne da 'yar roba, ya kuwa kan warkar da abin da kuɗi masu yawa suka kasa.

A ƙasarmu akwai ƙarin magana. Masu ƙera jirage suna lissafi da rana mai digiri 15 a bakin teku. Lagireto kuwa yana zubar da zafi ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin mai da zafin iska. In mai yana 82, iska tana 15, tazara 67 ce. A Yola ko Sakkwato cikin watan Afrilu iska ta kan kai 42, tazara ta koma 40, watau lagireton nan ɗaya kashi uku cikin biyar na aikinsa kaɗai zai yi. Mai kuwa zai yi ta hawa har tazarar ta dawo, 42 da 67 sun zama 109, saura 9 ke nan a taɓa jan layi. Lissafin allo ne, ba zai fito daidai haka a kowane jirgi ba, amma ya nuna cewa mazaunin da ya isa a Ingila yana iya kasawa a Binuwai. A Jos kuma wata irin wahala ce. Filin jirginta ya fi ƙafa 4,000 bisa teku, in zafin rana ya kai 30 iskar ta kan yi shara-shara kamar ta ƙafa 7,000. Iska marar kauri ba ta ɗaukar zafi da yawa, ko da ya ke inji ma ba ya iya hura wuta sosai a cikinta. Saboda haka inda zafi ke da yawa na fi yarda da babban lagireto a bangon baya, da gajeren bututu mai inci 4 marar kwana.

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da naso ta liƙe 'yan hanyoyin iska na lagireto. Tsuntsu ya kan yi sheƙa a saman silinda cikin kwana ɗaya ko biyu, zanzaro kuma ba ya ganin rami ya ƙyale. Shi ya sa a ke toshe kafofin hanci in an ajiye jirgi, matuƙi kuma ya leƙa ciki da idonsa kafin ya tashi.

Gardamar mazauni ba da baki a ke raba ta ba, da awo a ke yi, abin awon kuwa kowane malami yana iya yinsa a aji. A sami siririn tiyo mai haske, a lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, a zuba ruwa mai launi har rabi, a kafa rula a tsakiya. Masu gwajin jirgi su kan kai baki ɗaya gaban lagireto, ɗayan bayansa, katakon yana wurin wanda ke zaune kusa da matuƙi. In an tashi, ruwa ya sauka a hannu ɗaya ya hau a ɗayan, tazararsu ita ce amsar. In ta yi kusa da wadda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, mazaunin ya yi. In inci ɗaya ko biyu ce kawai, a binciki bututu da mafita. A aji kuwa, a sa yaro ya hura baki ɗaya a hankali har tazarar ta kai inci 6, sauran yara su karanta rula. Zai ce bai ma fara hurawa ba.